Waƙar Kawuna Da Sojoji Suka Katse

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, na taɓa ɗaukar kaina mawaƙi. Na san waɗanda suka san ni yanzu za su yi dariya, domin ko iƙama aka ce in tayar a masallacin unguwa, sai an samu wanda ya yi sauri ya riga ni. Amma a lokacin ina ɗan shekara ashirin da huɗu, na gama makarantar horon malamai, ba a kai ga ɗaukata aiki ba. Ina zaune a gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura tare da mahaifiyata, ga littafi guda cike da baitocin da na rubuta. Ba wanda ya taɓa gaya mini gaskiya game da muryata, ni kuma ban tambaya ba.

A wannan lokacin ne gidan talabijin ɗin jiharmu ya dawo da gasar waƙa ta ranar Asabar. Na ce ya dawo da ita, domin ba sabon abu ba ce. An taɓa yin irinta a mulkin farar hula na baya, tun Katsina tana ƙarƙashin Kaduna, kuma a can Kadunar ake yi. Da sojoji suka karɓi mulki sai shirin ya mutu. Waƙar da ta rage a talabijin ita ce ta yabon gwamna da ta sharar ƙarshen wata. To da aka ce an buɗe gasar kuma, kowa na iya shiga, ba sai ɗan wane ba, sai garin ya ɗauka.

Ku da ba ku ga zamanin ba, da wuya ku gane yadda abin yake. Daga ƙarfe biyar na yammacin Asabar zuwa kiran magariba, ko acaɓa kake nema sai ka sha tsayuwa, domin duk sun jingine baburansu a ƙofar shagon da ke da talabijin. Mai janareto ya zama babban mutum a layinsu. Kuma abin da ya fi jan mutane shi ne ba alƙalai kaɗai ke yanke hukunci ba. An ajiye wani babban akwati a ƙofar gidan talabijin, kowa ya rubuta wanda ya fi burge shi ya je ya jefa. Mutanen da suka daɗe ba a tambaye su ra'ayinsu a kan komai ba, ga shi sun ɗanɗana zaɓe a farkon shekara, sai suka maida akwatin nan kamar na zaɓen gwamna. Na ga dattijo da rawani a kan layi, riƙe da takardar matarsa.

Mutum ɗaya na sani da bai damu da shirin ba, ko in ce yake nuna bai damu ba. Kawuna ne, autan su mahaifiyata. Yana da shagon gyaran rediyo da talabijin kusa da hasumiyar Gobarau. Duk Asabar zai ɗauki talabijin ɗin da ya gama gyarawa ya juya shi ya fuskanci titi don mutane su kalla, shi kuwa ya ba shi baya, ya duƙufa yana liƙi da dalma. Ko ihu aka yi ba ya waiwaye.

Na san dalili, domin mahaifiyata ta ba ni labari tun ina ƙarami. A gasar farko ta Kaduna, kawu yana matashi ya shiga da gurminsa, duk da kakanmu bai so ba, don gidanmu gidan karatu ne, ba a san mu da kiɗa ba. Ya yi ta tsallake zagaye har ya kai na ƙarshe. Ya tafi Kaduna ranar Juma'a, aka yi gwaji, aka ce gobe Asabar a zo a kammala. Da gari ya waye sai rediyo ya kama kiɗan soja. Da ya isa gidan talabijin ya tarar da sojoji a bakin ƙofa, suka ce kowa ya juya. Bayan kwana uku ya dawo Katsina da gurmi a cikin buhu. Kakanmu ya ce Allah ne ya nuna masa ba hanyarsa ba ce. Kawu ya rataye gurmin, ya koyi gyaran rediyo, bai ƙara waƙa ba.

Amma waƙar da ya shirya wa ranar ba ta ɓace duka ba. Mahaifiyata ta ji yana koyonta a ɗaki, ta riƙe baiti biyu, kuma su take rerawa idan tana tankaɗe ko wanki. Waƙar ɗan ci-rani ce da ke kan hanyar komawa gida, ga baitin farko:

Direba sassauta, na hango garinmu,
Bari in kaɗe rigata, in gyara zaman hula,
Kada Inna ta gan ni ta ce wahala na sha.

Da ita na tashi a kunne, har na daina jin ta a matsayin waƙar wani.

Ranar tantance masu shiga gasar na sa shaddata ɗaya tilo, na tafi da littafina. Mun fi mutum ɗari a farfajiya. Yawancin samarin da masu fiyano suka zo, don shi ake yayi lokacin. Da aka kira ni na shiga na tarar da alƙalai uku a bayan tebur. Na buɗe littafi na kama wata waƙa da na yi a kan ilimi. Ban kai ƙarshen baiti na farko ba sai ta tsakiya, wata Hajiya, ta ɗaga biro.

"Malam, mun gode. Rubutunka yana da ma'ana. Ka riƙe rubutun."

Ko ni na gane me take nufi. Amma kunya ta hana ni fita haka, ga mutane a waje sun ga shigata da ƙafa ɗaya-ɗaya kamar wani gwani. Na ce don Allah a ba ni dama ɗaya, ina da wata. Ban yi shawara da zuciyata ba, kawai na ji bakina ya kama "Direba sassauta".

Alƙalin da ke gefe, wani Alhaji mai furfura wanda tun shigowata yake duba takardu, ya ɗago kai. Ya bari na gama baitin, sannan ya cire tabarau.

"Wannan waƙar wa ce?"

Na ce, "Tawa ce, ranka ya daɗe."

Bai yi musu da ni ba. Ya dai gyara murya, ya rera farkon baiti na biyu a hankali, "Tsarabata kaɗan ce, sabulu da ɗan turare." Sannan ya ce, "To ci gaba mana, tunda taka ce. Ka yi mana har na uku."

Ban san ma akwai na uku ba. Daga ƙarshe na ce, "Ta kawuna ce."

Ashe shi ne mai ɗaukar sauti a Kaduna ranar gwajin nan na Juma'a. Sau ɗaya ya ji waƙar. Da aka ba mu jiha ya dawo gida da aiki, kuma shi ne ya yi ta naci har aka farfaɗo da gasar. Ya ce ya sha tambayar inda yaron nan mai gurmi ya shiga, ba wanda ya sani.

"Yana raye?"

Na ce yana nan ƙalau, kusa da Gobarau.

"Jibi da hantsi za ka kai ni."

Da na koma gida na gaya wa mahaifiyata, ta ajiye rariya ta dube ni.

"Mi ka ce? Waƙar kawunka ka kai gaban mutane ka ce taka ce?"

Na ce kuskure ne.

"To ka tahi ka hwaɗa mishi da bakinka kahin baƙon ya zo. Ni ba ruwana."

Ban je ba. Tsoro ya hana ni. Sai kawai ranar na bayyana a ƙofar shago da Alhaji a bayana. Kawu ya share benci, aka zauna, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da aiki da gajiya da zafi, aka sake tambayar iyali. Kawu ya ɗauka rediyo aka kawo gyara. Da Alhaji ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba, ni ne na ɗaura maka makirfo a Kaduna," sai na ga hannun kawu ya tsaya a kan teburin. Ya saurara har Alhaji ya gama bayani, ya roƙe shi ya zo ya yi waƙar ko sau ɗaya, a matsayin baƙo na musamman.

Kawu ya ce, "Alhaji, na gode da ka tuna da ni. Amma wancan yaro ne. Ni yanzu ina da ɗiya a ɗakin miji, ina da surukai. Ba ni tsayawa gaban gari da gurmi."

Ya raka shi har bakin titi cikin mutunci. Da ya dawo ya dube ni ya ce, "Wa ya aike ka?" Bai jira amsa ba ya koma kan aikinsa. Sati biyu ina zuwa gaishe shi, iyakarsa ya ce "lahiya" bai ɗago kai ba. Kawun da tun rasuwar mahaifina shi ne ubana, shi ya kai ni makaranta, shi ke zuwa idan an ce a zo da uba. Abin ya dame ni fiye da korar da aka yi mini a gasar.

Mahaifiyata ce ta gaji da ganina ina zaune jugum. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta yafa mayafi ta ce in raka ta gidan kawu. Ni a zaure na tsaya, amma gidan ba shi da girma, ina jin su.

Ta ce, "Auta, yaron ga ya yi laihi, na yi mishi faɗa. Amma ba don shi na zo ba. Shekara goma sha shida ina rera baiti biyu. Ina so in ji ƙarshenta kahin in mutu."

Kawu ya ce, "Haba Yaya. Abin da Baba bai so ba shina raye, shi zan yi bayan ransa?"

Ta ce, "Bari in gaya maka abin da Baba ya hana ni hwaɗi. Duk Asabar ɗin da ka tahi Kaduna, in na dawo daga kallo gidan maƙwabta, sai ya kira ni zaure ya yi kamar ruwa yake so. In na kawo sai ya ce, 'Yaron ga ya wuce?' In na ce ya wuce, sai ya ce in ɗauke ruwan, ya ƙoshi. Ranar da sojoji suka zo kuwa, kwana uku bai ci abincin kirki ba sai da ka shigo. Abin da ya hwaɗa maka, tsoro ne ya sa shi, ba ƙi ba."

Muka koma gida ba a yanke magana ba.

Bayan kwana huɗu ya aiko a kira ni. Na tarar da gurmi a kan teburin gyara, tsakanin wayoyi da batura. Fatarsa ta tsage, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Ya ce in kai wa wani dattijo a Ƙofar Marusa ya sake masa fata. Na ɗauka zan fita, sai ya ce:

"Kada ka ɗauka don kai zan yi. Alhaji ya dawo jiya, ya kwaikwaya mini yadda ka rera ta. Ka lalata mini waƙa gaban mutane. Ba ni barin ta haka, sai na je na gyara."

Wannan ce dariyar farko da muka yi tare cikin sati uku.

Sharaɗi ɗaya ya kafa wa Alhaji. Ba zai zo a matsayin baƙo a tafa masa don tausayi ba. Zai bi layi kamar kowa, a saurare shi, in bai cancanta ba a sallame shi. Haka aka yi. Ya zauna a benci tsakanin samarin da ya haifi wasunsu, aka tantance shi, ya wuce. Ni kuma ya ce in riƙa yi masa tafi idan yana koyo a bayan shago. Kwana biyu ya ce in bari, tafin ma ina riga kiɗan.

Zagaye biyu na farko wasu tsofaffin waƙoƙinsa ya yi. Muryar ta yi kauri, ba ta hawa sama kamar da, amma tana da wani abu da fiyano ba ta bayarwa. Dattawan gari suka tsaya masa. Surukin da yake jin kunya, shi ne ya riƙa bi gida-gida a layinsu yana karɓar takardu yana kaiwa akwati. Da aka karanta sunayen mutum biyar da za su yi zagayen ƙarshe, har da kawu.

Ranar Asabar ɗin ƙarshe na je gidansa bayan sallar asuba don in taya shi shiri. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, da ƙaramin rediyo a kunne. Na gaishe shi, ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Haka muka zauna har aka yi labarun ƙarfe bakwai. Mai karatu ya yi maganar takin zamani da zaman majalisa, ya yi sallama. Sai kawu ya kashe rediyon, ya sauke numfashi, ya ce wa matarsa, "To, a kawo koko."

Da yamma ɗakin ɗaukar shiri ya cika. Kai tsaye ake nunawa, ba gyara. Shi ne na huɗu. Ya fito da farar riga da hula, ya zauna a kujera, ya ɗora gurmi a cinya. Ya kaɗa, ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Wani ƙaramin sauti ne ya fito kamar na mai mura. Wasu samari a baya suka ƙyalƙyale. Ni ina layin gaba, na ji kamar in nutse, domin ni na jawo masa. Ya sake gwadawa, ta sake sarƙewa.

Sai ya ɗago ya dubi kyamara, ya ce, "Jama'a ku yi haƙuri. Motar ta daɗe a hanya."

Aka yi dariya, amma ba irin ta farko ba. Ya sha ruwa, ya sake kaɗa gurmin, wannan karon ta fito. "Direba sassauta, na hango garinmu." Kafin ya gama baiti na biyu, ɗakin ya ɗauki amshi, har da samarin bayan. Sannan ya rage kiɗan, ya shiga baitin da ba wanda ya taɓa ji a gidanmu:

Na yi sallama a zaure, Baba ya ɗago kai,
Bai tambaye ni riba ba, bai duba buhuna ba,
Ya matsa mini tabarma, ya ce ka iso lahiya?

Na ga Alhaji ya sunkuyar da kai yana ta goge tabarau. Mahaifiyata a gidan maƙwabta ta kalla. Maƙwabciyarmu ce ta gaya mini daga baya cewa da aka zo baitin nan ta ja mayafi ta rufe fuska, can ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Ranar ko wuta ba a hura a gidanmu ba.

Kawu bai ci gasar ba. Wani ɗan acaɓa da ya zo birni daga ƙauye ne ya yi na ɗaya, kuma gaskiya ya cancanta, muryarsa kamar ruwan randa. Wata ɗaliba ta yi na biyu. Kawu ya zo na uku. Kyautarsa kuwa, ku tsaya ku ji, rediyo ce mai kaset. Mutumin da shagonsa ba wurin sa ƙafa saboda rediyo. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, washegari ya kwance ta don ya ga yadda aka haɗa cikinta.

Bai koma waƙa ba bayan nan. An yi ta kiransa biki, ya ce a'a. Gasar kanta ta yi wasu shekaru tana tashe, ta fito da mawaƙa da dama, har wayar hannu ta zo kowa ya koma kallon abin da yake so shi kaɗai, ta yi sanyi. Ni kuma na bi shawarar Hajiyar nan, na riƙe rubutun. Shi ne ga shi kuna karantawa.

Idan na tuna wannan abu yanzu, ba kunyar da na sha nake fara tunawa ba, ko da yake har gobe ina jin ta. Abin da nake tunawa shi ne yadda mutane suke a shekarar nan. An yi mana alkawura da yawa, wasu an cika, da yawa ba a cika ba, wannan kowa ya sani. Amma akwai wani sauƙi da ya sauka a zukata, na cewa za ka iya fara abu ranar Juma'a ka kuma sa ran za a bar ka ka gama shi ranar Asabar. Yaran yanzu sun tashi a cikinsa, ba su san daɗinsa ba, kuma ina yi musu addu'a kada su taɓa sanin rashinsa. Na kuma koyi cewa akwai mutane da yawa a kusa da mu da suke zaune shiru, ba don ba su da abin faɗa ba, sai don an katse su a tsakiya ba wanda ya dawo ya ce su ci gaba.

Kawu ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni, ya bar wa ɗansa shagon. Kwanakin baya na je gaishe shi, hira ta kai mu can, na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya. Na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, ba ka ji ciwo ba da ka zo na uku, bayan duk jiran nan?"

Ya yi murmushi ya gyara zama.

"A Kaduna na ɗaya na tahi nema. A nan kuwa, so nake kawai a gama, a gaya mini na nawa na zo."